Wayar da Na Saka wa Bitrus a Aljihu

Da kuɗin tunkiyar Inna na bar garin nan. Tunkiya ɗaya gare ta, mai baƙin kunne, ta sa aka kai ta kasuwa, ta ƙulle kuɗin a tsumma ta ɗinke mini a ƙugun wando, ta ce in na isa Kaduna in aiko da wasiƙa. Wasiƙa fa, Nura. Ajiye wayar nan ka saurara. Tun ɗazu nake jin ku kuna ƙyaƙyata dariya ana jibgar bawan Allah a cikinta, wai ɓarawo aka kama. Wa ya tabbatar muku ɓarawo ne? Kai ma Shamsu kife taka. Yau zan gaya muku inda haƙorana na gaba suka tafi, tunda kun daɗe kuna ce mini Kawu Wawulo a bayan idona, kuna zaton ban sani ba.

A Kakuri na sauka, lokacin masaƙu suna da rai. Jiniya za ta yi kuka da safe ka ga mutane sun cika titi, masu keke da masu ƙafa. Na samu aikin ɗaukar dilar zare. A nan na haɗu da Bitrus, mutumin wajen Zonkwa, shi ke gyaran injuna. Ranata ta farko na kai hannu zan cire wani zare da ya maƙale, ya daki hannun da sifana har sai da na ga taurari. Na zabura zan rama, ya nuna mini wani tsoho mai yatsu biyu a can gefe, ya ce in je in tambaye shi ina sauran. Tun daga ranar muka zama abokai, tuwonmu ɗaya a rumfar mai abinci, shi ya yi addu'arsa ni in yi bisimillata.

Waya a lokacin guda ɗaya na sani, baƙa mai igiya, a ofishin manaja. Shekara nawa na yi a masaƙar nan ban taɓa ɗora hannu a kanta ba. In ina son magana da Inna, kaset nake cikawa da gaisuwa in ba direban motar garinmu, amsa ta zo bayan sati uku, rabinta kukan awaki.

Sai aka wayi gari an sa kwaɗo a ƙofar masaƙa. Kowa ya kama gabansa. Bitrus ya koma gyaran janareta a bakin titi, ni kuma ya kai ni wajen wata 'yar cocinsu, Madam Rifkatu, mai zama a Trikania. Lokacin wayar hannu ta shigo, Madam ta sayi ɗaya, ta kafa lema da tebur a bakin tasha, mutane na zuwa su biya su yi kira. Wayar nan ku ba za ku gane ta ba. Ta kai rabin burodi, ga ƙaho a kanta, ga nauyi. Layin da ke cikinta kuwa ya fi tunkiyar Inna tsada nesa ba kusa ba. Madam tana ce wa lemar nan bizines santa, ni kuma bakina ya ƙi, sai in ce bisini santa, ta yi ta zagina da Turanci. Ranar da ta fara cewa yau babu netwok, na zaci wani ma'aikaci ne bai zo ba, har na tambaye ta ko ba shi da lafiya.

Masifaffiya ce ta gaske. Wata rana na bar wayar a rana ta yi zafi.

"Isiya, kai ka haifi wayar nan?"

"A'a Madam."

"Ubanka ya taɓa riƙe irinta?"

"Ubana ya riƙe garma, Madam, kuma bai taɓa neman netwok ba kafin ta yi aiki."

Ta jefe ni da takalmi, na goce ya sami mai kira a ƙeya.

A ƙarƙashin lemar nan na fara ganin yadda waya ke jawo jini. Wani ɗan kasuwa yana cikin magana, sai wani matashi ya wuce da gudu ya fizge wayar daga kunnensa. Madam ta kurma ihu. Ba a kai layin dogo ba aka tare shi, aka kayar da shi cikin kwata. Masu itace da itace, masu dutse da dutse. Ni ma na bi, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗauki rabin bulo na sauke masa a gadon baya, na ji wani abu ya yi ƙara a jikinsa. Na dawo ina huci ina ba da labari, Madam har lemo ta saya mini. Ko ya rayu ko ya mutu ban tambaya ba, kuma na yi barcina lafiya lau.

Ba a daɗe ba waya ta fara araha. Mai shayi ya saya, mai wankin takalmi ya saya, kowa ya koyi filashin, ya kira ya katse don kai ka kira da katinka. Lema ta mutu. Madam ta sallame ni ta koma sayar da kayan masarufi a nan bakin tashar. Ni kuma na lura da abu ɗaya: kowa na da waya, amma ba kowa ke da wuta ba. Na sa kafinta ya buga mini allo, aka jera masa soket, Bitrus ya haɗa mini wata tsohuwar janareta daga tarkacen shagonsa, na buɗe rumfar caji, jifa ɗaya daga inda ake hawa bas.

Kafin janaretar ta samu, a ɗakina na Unguwar Mu'azu nake cajin a ɓoye, in an kawo wuta. Alhaji mai gidan ya leƙo wata safiya ya ga wayoyi shimfiɗe a kan tabarma suna ƙyafta ido.

"Malam Isiya, ɗaki na ba ka ko kamfani?"

"Na baƙi ne, Alhaji."

"Baƙin suna ina?"

"Sun fita, sun bar wayoyinsu suna hutawa."

Ya tsinke wayar wutar ɗakin da hannunsa, wata biyu ina kwana da fitilar kwai.

A kan allon nan na ga waya ta yi ta sauya kama. Na ga mai ƙaho ta tafi. Na ga 'yar ƙarama mai tocila a ka, wadda kuke ce wa rakani-kashi, ta faɗi a kwalta ta tarwatse ka haɗa ta ta ci gaba da aiki, caji ɗaya ta yi kwana biyar. Na ga mai ninkewa kamar littafi, 'yan mata na rufe ta da ƙarfi don a ji. Na ga 'yar Chana mai layi biyu, har mai uku, da eriyar talabijin, in ta yi ƙara a bas sai direba ya taka birki. Sai mai mimori ta zo, aka shiga tura waƙa da wa'azi ta bulutut. Sai mai ƙananan madannai birjik irin ta 'yan gayu. Kowace da fuskarta. Wata an ɗaure ta da roba, wata murfinta ya ƙone, wata madannin tsakiya ya goge don yawan latsa.

To ga yadda sana'ar take. Kowane mai caji yana da lamba. In ka kawo waya, sai a manna mata salatif a baya a rubuta lamba, a ba ka ɗan katako ko roba mai lamba iri ɗaya. Ba lamba, ba waya, ko kai ne uban mai rumfar. Ni na raina wannan tsarin. Baƙo nakan ba shi lamba, amma wanda na sani, sai in ce ya tafi kawai. Ina alfahari na san wayoyin Kakuri kamar yadda Bafulatani ya san shanunsa. Mutum zai taho tun daga nesa na riga na zare tasa na miƙa, a yi ta mamaki, ni kuma kaina ya yi ta kumbura. Shekara da shekaru ban taɓa kuskure ba.

Sai wayar shafa ta zo, wannan da ke hannunku. Gilashi baƙi, ba madanni, ba fuska. Ka jera ashirin a kan allo, duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Sauran masu caji suka ƙara tsananta lamba. Madam Rifkatu da kanta ta ce mini, Isiya ka bar wannan taƙamar, idonka ba na da ba ne. Na ce mata ta kula da tumatirin gwangwaninta.

A wannan zamanin ne kuma ƙwacen waya ya zama abin da ya zama. Ba fizga a gudu ba irin ta da. Yara ne da wuƙa da gariyo, su tare ka da rana tsaka, in ka yi gardama su sare ka. Na ga wata ɗaliba an yanke mata yatsu a kan waya, tana riƙe da hannun tana tambayar mutane ina wayarta. A satin da nake ba ku labari, an soke wani mai keke mai ƙafa uku a wuya an tafi da tasa, ya cika kafin a kai asibiti. 'Yan uwansa masu keke suna ta tafasa, kowa ya ajiye ƙarfe a ƙarƙashin kujera.

Bitrus a lokacin bai fi wata ɗaya da yin wayar shafa ba. 'Yarsa Hannatu, mai aikin jinya a Abuja, ita ta aiko masa, don ta riƙa ganin fuskarsa in ta kira. Bai ma iya ta ba. Kullum hannunsa da baƙin mai, in ya shafa sai ta buɗe abin da bai nema ba.

Ranar Alhamis ce, an kwana uku ba wuta, allona ya cika har ƙasa na shimfiɗa kwali. Gab da la'asar Bitrus ya taho da sauri, hannu biyu baƙi ƙirin har gwiwar hannu, an kira shi gyara a Trikania. Ya ce mutumina, ɗauko wayata da na bari caji ka saka mini a aljihu, kada in ɓata ta. Na kai hannu ban ko duba ba, na zare waya na zura masa a aljihun gaban riga, har na ɗan daki aljihun na ce a sauka lafiya. Ya wuce ya tsaya jiran bas.

Ko zama ban yi ba sai ga Ado, wani matashin mai keke, shi ma ban taɓa ba shi lamba ba don kullum yana zuwa. Na miƙa masa wadda nake zaton tasa ce. Ya ɗora yatsa ta ƙi buɗewa. Ya danna gefe, sai ga hoton yarinya da fararen kayan asibiti. Hannatu ce. A take na gane abin da na yi. Ku riƙe wannan da kyau, na gane sarai.

Ado ya cusa mini wayar a hannu, ya shaƙe mini wuyan riga ya ɗaga ni daga benci. Kafin in haɗiye yawu masu keke sun kewaye rumfar, na ga ƙarfen cire taya a hannun ɗaya. Ina wayata, ina wayata. Abin da ya kamata in ce bai fi kalma shida ba: na yi kuskure, ga ta can. Amma na ga ƙarfen nan, kuma na ji kunyar a ce Isiya da ya san wayoyin Kakuri ya ruɗe. Sai na ji bakina ya ce, "Wataƙila wani ya ɗauke a kan allo."

Ɗayansu ya ce a kira lambar, in ɓarawon bai yi nisa ba za a ji. Aka kira. Wayar Ado tana da wani kiɗa mai ƙarfi da duk tashar ta sani. Kiɗan nan ya tashi daga aljihun Bitrus.

Ya sunkuya yana kallon aljihunsa, yana mamaki, hannuwansa a sama don kada ya ɓata riga. A haka ƙarfen farko ya same shi a gefen fuska. Wani ya ce ɓarawo, tashar ta amsa gaba ɗaya. Ban taɓa ganin mutane sun taru da sauri haka ba. Kwandasta, mai rake, fasinjan da ya sauko daga bas bai san komai ba, mai zuwa masallaci da mai fitowa daga coci, ranar nan kowa ya zama ɗan uwan kowa. Suka kayar da shi. Benci aka ɗauka aka karya a kansa. Wata mata ta cire takalmi mai tsini tana kai masa a fuska. Ina jin ƙarar dukan daga rumfata, tim, tim, kamar ana bugun dawa.

Sau ɗaya na ji muryarsa ta fito daga ƙarƙashin ƙafafu. "Ku tambayi Malam Isiya!"

Ba wanda ya juyo ya tambaye ni. Ni kuma ban motsa ba. Ina tsaye da wayar Bitrus a hannu. Waɗanda ba su sami wurin duka ba suka ɗaga wayoyinsu sama suna ɗauka, hannu birjik, wani har yana tura na gabansa wai ya tare masa. Ina gaya wa kaina yanzu 'yan sanda za su zo, yanzu wani babba zai hana. Sai na ga an mirgino taya, wani yana tsiyayar fetur daga kekensa a gorar ruwa.

A daidai nan wayar da ke hannuna ta yi ƙara. Na duba, fuskar Hannatu ce tana murmushi, tana kiran babanta. Ban san lokacin da na tsallake allon ba, na ji dai wayoyin mutane suna zubewa a bayana. Na kutsa, na faɗa a kansa na rufe shi da jikina, ina cewa ni ne, ni na saka masa, ba ɓarawo ba ne, ni ne. Wani ya ce ga abokin satarsa. Katako mai ƙusa ya same ni a baki. Na ji haƙorana a kan harshena kamar tsakuwa, na tofar, na ci gaba da faɗa, hannuna ɗaya a sama da wayar tana ta ƙara. Fetur ya zubo mini a wuya, sanyinsa har yau ina jin sa.

Madam Rifkatu ce ta cece mu, da wannan bakin nata da na sha zagi da shi. Ta ratsa maza tana ture su da ƙirji, ta fizge wayar daga hannuna, ta amsa, ta juya gilashin ga jama'a. Sai ga yarinya a ciki, da hularta ta asibiti, tana cewa Baba, Baba, wa ke nan, ina Babana. Madam ta ce, "Ga shi nan a ƙasa, ku gaya mata abin da ya sata." Ta zaro ɗayar daga aljihun Bitrus, ta haɗa su biyu ta ɗaga. Iri ɗaya sak. Ta jefa wa Ado tasa a ƙirji.

Sai kururuwar Hannatu ta tashi daga cikin waya, don ta hango babanta. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Mai fetur ya ajiye gorarsa ya bi lungu. Cikin ɗan lokaci ba kowa sai ni da Madam da Bitrus kwance cikin jini, da takalma warwatse.

Ya rayu. Amma ido ɗaya ya fashe a wurin, ɗayan kuma likitoci suka yi iya yinsu, hasken bai dawo ba. Kafin magariba hoton dukan ya zaga gari, an rubuta an kama ɓarawon waya a Kakuri. Har garin nan ya iso, wani ya nuna wa Inna bai san akwai ɗanta a ƙarshensa ba, don an yanke wurin da na shigo. Gyaran labarin kuwa ba wanda ya tura wa kowa.

Mutane suna ta yaba mini, wai na yi jarumta. Ban da masu keken, Madam kaɗai ta ji abin da na ce wa Ado, ba ta tona ni ba, amma ta daina amsa gaisuwata. Abin ya hana ni cin abinci. Ranar da aka cire wa Bitrus bandeji na je na durƙusa a gaban gadon na faɗa masa komai, har ƙaryar. Hannatu ta nuna mini ƙofa, shi ya ɗaga hannu ya dakatar da ita.

"Na kira sunanka," ya ce. "Ka ji?"

"Na ji."

Ya juya fuska bango. 

Ban iya komawa rumfar ba. Ko na zauna, in waya ta yi ƙara sai in tashi in bar wurin. Na sayar da allon, na ɗaure kayana. Ana gobe zan taho na je gidansa a Trikania. Na same shi zaune a ƙofar ɗaki, wayar shafar tana gefensa a kashe, don gilashi sumul ba abin da zai gaya wa yatsan makaho. Na zo masa da wata tsohuwar rakani-kashi da na ajiye tun zamaninta. Na saka masa a tafin hannu.

Ya juya ta, ya bi madannan da babban yatsa, har ya tsaya a kan biyar. Ku ba ku sani ba, tsofaffin wayoyin nan akwai ɗan ƙullutu a kan biyar, don mai lalube ya gane tsakiya. Ya daɗe yana shafa wurin. Sannan ya ce Hannatu ta saita masa lambata a nan, yadda in ya danne biyar ni za ta kira.

Bai ce ya yafe mini ba, kuma ban roƙa ba. Abin da ya ce shi ne, "In na kira, ka amsa. Wannan karon kada ka tsaya."

Haka na dawo garin nan, da buhu ɗaya da baki wawulo, ko tunkiyar Inna ban mayar ba. Shi ya sa kuke ganin wannan 'yar wayar rataye a wuyana da igiya, ina gona da ita, ina wanka tana kan katanga, kuna mini dariya wai Kawu ya ƙi wayewa. Yakan kira sau biyu a sati, wani lokaci a jera kwana uku. Wata rana mu yi hirar masaƙa har katinsa ya ƙare. Wata rana kuma ba ya cewa komai. Zan ɗauka tun ƙarar farko in ce na'am Bitrus, ga ni. Sai ya yi shiru, ya ji dai na amsa, ya kashe.

Nura, buɗe wayarka ka goge hoton mutumin nan, ina kallo. Kuma kada ka tura wa kowa kafin ka goge.